Babi na Huɗu: Wa Zai Sake Buga Ganɗoki?

A shekarar 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana lallashin malamai su zauna su ƙago labari da rubutun boko, a yi gasa, wanda ya yi fice a buga shi. Bai sha da daɗi ba, domin a wurin malamin wancan zamani alƙalami na ilimi ne, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara bayan sallar lisha. Duk da haka rubuce-rubuce suka zo, aka tace, aka fitar da guda biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin.

Aƙalla uku daga cikin waɗannan marubuta Katsina ce ta rene su. Imam a lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekararsa 22, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. Yayansa, Malam Bello Kagara, malami ne a Kwalejin kanta, shi ne wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya kuma rubuta tarihin Sarki Muhammadu Dikko. Ɓalewa a shekarar gasar ya gama Kwalejin ya koma Bauchi koyarwa. Ginin ƙasa na makarantar, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, har yau yana nan tsaye a cikin birni, an mai da shi gidan adana kayan tarihi, ana yaɓe shi, ana kai ɗalibai ziyara. Ginin ya fi littattafan da aka rubuta a inuwarsa samun gata.

A cikin biyar ɗin, Ganɗoki ne ya fi ba ni mamaki duk lokacin da na koma kansa. Dubi wanda ya rubuta shi da wanda aka rubuta wa. An haifi Bello Kagara a 1890, saboda haka yaro ne mai wayo lokacin da sojan Lugga suka ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita daga garinsa. Kagara ƙasar Kwantagora ce. Abin da ya faru ba a littafi ya karanta ba, a gida ya ji shi, daga bakin waɗanda abin ya rutsa da su. Bayan shekara talatin da 'yan kai, yana cin albashin gwamnatin Turawa, sai ya ɗauki alƙalami ya ƙago jarumin da ya ja daga da Turawan nan, ya ƙi miƙa wuya, ya bi gabas, ya faɗa ƙasashen aljanu da dodanni yana sara yana yi wa kansa kirari. Ya miƙa wa Bature, Bature ya buga. Gaskiya ne a ƙarshe jarumin ya komo gida ya tarar zamani ya sauya, ya sassauto, har ya yaba da abin da ya gani. Masu nazari sun daɗe suna gardama a kan ko marubucin haka ya gani a ransa, ko kuwa kuɗin shiga maɗaba'a ne ya biya. Ko ma yaya ne, sashen farko na littafin yana cikin 'yan wuraren da za ka ji yadda Bahaushen da ya ga zuwan Turawa yake ba da labarin da bakinsa. Littafin tarihi zai gaya maka ranar da gari ya faɗi. Irin zafin da mutane suka ji, da irin fahariyar da suka riƙe bayan an ci su, sai a Ganɗoki.

Ruwan Bagaja ba ya bukatar gabatarwa ga wanda ya yi firamare a Arewa. Taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sun shiga bakin mutane har waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba sun san su. Shaihu Umar kuma labarin bauta ne da fataucin bayi ta hamada, yaron da aka sace aka ƙetara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu saye da sayarwa.

Bayan waɗannan ba a tsaya ba. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, hukumar NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950, sannan aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, wanda ya gaji yawancin littattafan. A wannan zango ma 'yan lardin Katsina ne a gaba wajen labaran jarumtaka. Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, Garba Funtuwa ya yi Gogan Naka, Ahmadu Katsina ya yi Sihirtaccen Gari, Sa'idu Ahmed Daura ya yi Tauraruwar Hamada. Iliya asalinsa gwarzon tsofaffin labaran Rasha ne, birnin Kib da Sarki Waldima ke mulki kuwa shi ne Kiyef, babban birnin Yukiren da ake ta ji a labaran duniya yau. Amma Ingawa ya yi masa wankan Hausa har ba wanda ya taɓa tambayar dokinsa Ƙwalele daga wace ƙasa ya zo. Da aka shiga shekarun 1980 sai ga Sulaiman Ibrahim Katsina da Mallakin Zuciyata da Turmin Danya, ga Bature Gagare da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, labarin ta'asa da makamai bayan yaƙin basasa, wanda mai karanta shi a Katsina ta yau sai ya ajiye ya yi shiru, saboda yadda dajin cikin littafin ya yi kama da dajin da ake jin tsoro yanzu.

To, ɗauki wannan jeri ka shiga shagon littattafai a cikin gari. Magana Jari Ce ta Imam za ka samu. Ruwan Bagaja da Iliya ma da wuya a rasa. Daga nan sai amsa ta fara sauyawa.

"Alhaji, akwai Idon Matambayi?"

"Kai Malam, ai wannan ya yanke tun tuni."

"Gogan Naka fa?"

"Ba a kawo shi. Ba ya cikin manhaja."

Maganar mai shago ta ƙarshe ita ce gaskiyar lamarin. Hukumomin jarrabawa, WAEC da NECO da JAMB, su ne ke raba wa tsofaffin littattafanmu kwana. Wanda suka sa a jerin karatun Hausa zai sami bugu, domin akwai dubban ɗalibai da dole su saya. Wanda aka cire, ko ba a taɓa sawa ba, sai ya koma suna kawai a cikin kundin digiri, ɗalibi ya ambace shi a babi na biyu alhali bai taɓa riƙe shi a hannu ba, ya kwafo abin da wani ya ce, shi ma wancan daga wani ya kwafo.

Ban ga laifin mai buga littafi a nan ba sosai. Tun daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, takarda ta zama kayan gabas. Masana'antun takarda na gwamnati da ke Jebba da Oku Iboku da Iwopin duk suka durƙushe, ya zama takarda da tawada da faranti sai an sayo da dala. Gwamnatocin jihohi da a da suke sayen littattafai da yawa su raba wa makarantu suka janye hannu. Wanda zai zuba kuɗi ya buga kwafi dubu biyu na littafin da zai shekara biyar a kan kanta, alhali ya san in littafin ya karɓu 'yan satar fasaha za su fito da nasu a rabin kuɗi kafin ya mai da uwar kuɗinsa, ba ɗan kasuwa ba ne, mai sadaka ne.

Amma abin da ya fi damuna yana cikin waɗanda ake samu ɗin. Sayi kwafi ɗaya daga cikin masu arha da ke yawo a kasuwa, ka buɗe shi a cikin haske. Haruffan sun yi kauri sun dusashe, lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ta cike da tawada har ba ka bambance su da 'yan'uwansu sai da taimakon ma'ana. Layin ƙarshe na wani shafin ya gutsure. Zanen da a tsohon bugu kake ganin fuskar mahayi da adon sirdi ya zama baƙin dunƙule. Takardar sirirya ce har rubutun baya yana leƙowa, ƙusar da ta riƙe tsakiya kuma damina ɗaya ta ishe ta yin tsatsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Littattafan nan an tsara su ne tun zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu ko da inji, babu wani fayil na kwamfuta da aka ajiye. Wanda zai sake bugu sai ya ɗauko tsohon kwafi, ya ɗauki hoton shafukan, ya yi faranti da su. Na bayansa ya ɗauko nasa bugun ya yi haka. Kowane zagaye sai an rasa wani abu, ba kuma mai komawa ga na asali.

Wasu sukan ce to a sake buga shi a kwamfuta mana. Nan ma akwai rami. Ana ba yaro mai saurin hannu a shagon kwamfuta, ana biyansa a kan kowane shafi, ba mai bin bayansa. In ya ci karo da tsofaffin kalmomin yaƙi irin su kansakali, ko lifidi, ko tsirkiya, bai san su ba, sai ya ɗauka kuskure ne ya gyara su zuwa abin da kunnensa ya saba. In idonsa ya tsallake layi, shi ke nan layin ya tafi. Kirari, wanda daɗinsa duk yana ga yadda aka jera shi, sai a cusa shi cikin sakin layi ɗaya. Ga kuma batun ƙa'idar rubutu. Bugun farko na littattafan gasar ya fito kafin haruffa masu lanƙwasa su zauna da gindinsu, sannan Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi nata gyare-gyaren, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980. Daidaita rubutu da ƙa'idar zamani ba laifi ba ne, yara ma sun fi jin daɗin karantawa. Laifin shi ne a yi gyara a yi shiru, mai karatu bai san ina hannun marubuci ya tsaya ba, ina na mai gyara ya fara. Tun farko ma rubutun ya bi ta hannun East kafin ya isa maɗaba'a. In aka ɗora gyaran shekara casa'in a kan wannan ba tare da an rubuta wa ya taɓa me ba, wata rana za a yi ta nazarin salon Bello Kagara a kan jimlar da wani mai buga kwamfuta ya ƙera.

Wayar hannu ta kawo sauƙi, ban musa ba. Akwai matasan da suka fara sanin Iliya ta hanyar masu karanta littafi a YouTube, akwai kuma hotunan shafuka da ke yawo a WhatsApp. Na fi son wannan da babu. Sai dai yawancinsu ba su ɗauke da shekarar bugu, ba bango, wani lokaci ba shafin ƙarshe, kuma daga irin kwafin da na siffanta a sama aka ɗauke su. Ranar da mai tashar ya rufe ta, ko wayar ta faɗa ruwa, magana ta ƙare.

Labarin fim ɗin Shaihu Umar ya isa a tsaya a kansa. Adamu Halilu ya shirya shi a 1976, bayan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da littafin wasan kwaikwayo. Shekaru da dama ana ɗauka fim ɗin ya ɓace. A 2016 aka gano asalin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal da ke Balin ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Abin da ya cece shi shi ne asalin yana nan, ko da yake an manta da shi a cikin ƙura. Da kwafin kwafi kaɗai ya rage, da duk ƙwarewar Jamusawa ba ta fitar da hoto mai kyau ba. Littafi ma haka yake. Aikin farko shi ne a nemo bugun farko na kowane ɗaya, da na biyu in an samu, a ɗauki hotonsu da kyau shafi bayan shafi har da bango. Wuraren da za a fara dubawa sanannu ne: Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, Jami'ar Bayero, ɗakin karatun SOAS a Landan, da ma'ajiyar kamfanonin Zariya su kansu.

Aiki na biyu Katsina ta san shi tun kafin boko. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne, waɗanda suka rayu a ƙarni na 17, kuma abin da ya iso mu na rubutunsu ya iso ne ta hannun masu kwafa. Malamin zaure in ya gama kwafar littafi ba ya sa shi a gafaka sai an zauna mutum biyu, ɗaya yana karanta na asali da ƙarfi, ɗaya yana bin sabon da ido, inda aka sami tsallake a rubuta a gefe. A ƙarshe mai kwafa ya sa sunansa, ya roƙi a yi masa addu'a, wato ya ɗauki alhakin abin da hannunsa ya rubuta. Wannan ladabin ne 'yan boko muka yar. Ba ya bukatar injin miliyoyi. Malami ɗaya na sashen Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina, da ɗalibai huɗu masu haƙuri, za su iya gama Ganɗoki a zangon karatu ɗaya, domin littafin ba shi da kauri. Su fitar da matani mai tsabta, su bayyana bugun da suka dogara da shi, su faɗi abin da suka sauya na ƙa'idar rubutu, su sa ma'anar tsofaffin kalmomi a ƙasan shafi, da ɗan taswirar da za ta nuna wa yaro ina Kwantagora take, ina Bida. Ni a ganina wannan ya fi kundin digiri goma masu taken jigo da salo amfani, kuma ya cancanci a ba da digiri a kansa.

Akwai haƙƙin mallaka, kuma ba abin wasa ba ne. Dokar 2022 ta ba marubuci kariya tsawon ransa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. In aka bi wannan lissafi, Ɓalewa da aka kashe a Janairun 1966 littafinsa yana da kariya har ƙarshen 2036, Bello Kagara da ya rasu a 1971 har 2041, Imam da ya rasu a 1981 har 2051. Ke nan ba wanda zai tashi kawai ya buga don yana ƙaunar adabi. Dole a zauna da kamfanin da ke riƙe da littattafan da kuma iyalan marubutan, waɗanda da yawansu suna nan Katsina da Zariya, an san gidajensu. Ban ga abin da zai hana a daidaita ba: jami'a ta yi aikin tacewa, kamfani ya buga, magada su sami rabonsu, gwamnatin jiha ta yi alkawarin sayen wani adadi ta raba wa makarantun sakandare. Alkawarin sayen nan shi ne mabuɗin, domin shi zai cire wa mai bugu tsoron asara. A 2034 littattafan gasar za su cika shekara 100. Yarabawa sun yi wa D. O. Fagunwa babban taro a Akure a 2013, shekara 50 da rasuwarsa, littafinsa na farko kuwa, wanda ya fito a 1938, ƙanen namu ne da shekara huɗu.

Wani abokina malamin makaranta ya taɓa ce mini, in za a sake bugawa gara a rage wasu wurare, domin akwai kamun bayi, akwai kiran wasu ƙabilu da sunayen da yau ba a so, akwai giya da tsafi da yaudara. Na fahimci damuwarsa, amma ban bi shi ba. Ganɗoki yana alfahari da harin da yau za mu kira zalunci, haka ne. In aka goge wannan an goge shaidar yadda mutanen wancan zamani suka ɗauki abin, an bar yaro da jarumin da ba a taɓa yi ba. Wurin magana shi ne gabatarwa: a yi wa mai karatu bayanin zamanin, a gaya masa abin da Ɓalewa ya nuna na azabar bauta a Shaihu Umar, ya karanta biyun ya auna da kansa. Haka batun aro. Imam bai ɓoye cewa ya ɗauki dabarar gwanaye biyu masu yi wa juna wayo daga Muƙamar Hariri ba, kuma Alfu Laila ta ratsa littattafan zamanin nan gaba ɗaya. A rubuta wannan a fili a cikin sabon bugu. Ba ya rage wa kowa daraja.

Masu cewa yaran yanzu ba sa karatu kuma, su je su ga yadda ake wawar littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, masu takubba da matsafa da biranen aljanu. Jikokin Ganɗoki da Iliya ne, ko marubutan sun yi nufi ko ba su yi ba. Mai karatun da ya bi labarin jarumi littafi na ɗaya har na huɗu ba zai ƙi kakan labarin ba, in an kawo masa shi da bango mai kyau da rubutun da ido zai iya bi, a kuɗin da aljihunsa zai ɗauka.

Saura kai mai karatu, musamman in gidanku tsohon gidan 'yan boko ne a Katsina, ko Daura, ko Funtuwa, ko Malumfashi. Akwatin ƙarfen nan na Baba ko na Kaka da ke ƙarƙashin gado, wanda ba a buɗe ba tun ranar rabon gado, a buɗe shi kafin damina mai zuwa, gara ba ta jira. In ka sami littafin Hausa mai tambarin Gaskiya ko NORLA, ko wanda shekarar bugunsa ta gaza 1970, kada ka ba mai ƙosai, kada ka manne shi da salatif, kada kuma ka ba da aro. Ka kakkaɓe shi, ka sa shi a busasshen wuri nesa da ƙasa, ka ɗauki hoton bangon da shafin da ke ɗauke da shekara. Sannan ka kai shi sashen Hausa na jami'a ko kwalejin da ke kusa da kai, a ɗauki hoton shafukan a gabanka, ka komo gida da abinka.